In Za Ka Kai Tsohuwar Rediyo Gyara a Minna

Wanda ya gaji rediyon mahaifinsa, National Panasonic ko Sansui mai allurar nan da ke haskawa da daddare, ya san ba a rabuwa da ita da sauƙi. Idan tafiya ta kai ka Minna kuma ka yi niyyar a duba maka ita, naɗe ta cikin bargo ka riƙe a cinya daga Suleja har ka sauka. Gargadar hanya na tsinka tsohuwar dalma, a but kuwa buhu ake ɗora mata.

Da ka sauka, ka hau keke zuwa Mobil ko Kasuwar Kure, ka tambayi masu sayar da kayan wuta inda dattijon mai gyaran rediyo yake. Dattijo nake cewa, domin yaran yanzu waya suka iya. Ka ware kwana biyu, kada ka ce yau-yau.

Kafin ka jona ta a masauki, karanta rubutun bayanta. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100; in 120 ko 100 aka rubuta, kada ka jona ta kai tsaye. Jihar Neja ce ke da madatsun wutar lantarki na Shiroro da Kainji, amma wutar gari tana hawa tana sauka kamar ko'ina, don haka ka tafi da sitabilaiza.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne iyakar gyaran. Kafasita masu ruwa a ciki suna bushewa da shekaru, zafin watan Maris da Afrilu a Minna kuma ba ya raga musu. Canza su da masu lamba iri ɗaya yana kashe gurnanin da take yi, murya ta washe. Bel ɗin kaset ma ana canzawa, a wanke maɓallin ƙara, har a jona mata Bluetooth ta kafar AUX. Daga nan kuma sai ka ja birki. Ƙarfinta daga taransifoma yake fitowa. In aka gina ta a kan wat 30, manyan taransista ba za su mayar da ita ta gidan biki ba, zafi kawai za ta yi ta ƙone. In mai gyara ya ce, "Alhaji, bari in ƙara mata ƙarfi," ka ce masa, "Malam, a mayar da ita yadda take, ya ishe ni." Wasu rediyoyin na ɗauke da ƙwaƙwalwar STK ta Sanyo, wadda aka daina ƙerawa, kuma jabunta ya cika kasuwa. In taka tana aiki, kada a taɓa ta.

Akwai wanda ya fi ƙarfin gyara. Rediyon da aka yi wa kasuwar Japan, FM ɗinta daga 76 zuwa 90 ya tsaya, ba za ta kamo Search FM ta Jami'ar Fasaha ta Minna a 92.3 ba. Murɗa ƙwayoyin cikinta don ta kamo wannan tashar yakan lalata har tashoshin da take kamawa.

Ka zauna a gwada ta a gabanka na tsawon sa'a guda, ka taɓa bayanta ka ji zafi, sannan ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire a leda.