Kada Ka Tsaya a Zaure: Nasiha Ga Mai Zuwa Kirit

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji cewa in an ba ku hutu a Atina za ka hau jirgin ruwan dare zuwa tsibirin Kirit. Na yi murna ƙwarai. Ni ma na taka ƙasar nan shekarun baya, saboda haka ba ni aron kunnenka kaɗan.

Yawancin baƙi a bakin teku suke yada zango, su sha iska, su koma gida. Kai ka wuce ciki. Kirit shi ne tsibiri mafi girma a Girka, tsawonsa ya kai kilomita 260, tsakiyarsa duk duwatsu ne da kwaruruka da gonakin zaitun. A can mutanensa da tarihinsa suke, kuma wanda ya tsaya a zaure bai san gida ba.

Ka fara da Kunosos, kilomita 5 kudu da birnin Irakliyon. Fada ce da aka soma ginawa wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani Baturen Ingila, Arthur Evans, ya fara tono ta a 1900, ya kuma sake tayar da wasu sassanta da kankare, don haka ka riƙa tambayar mai rakiya wanne ne ginin asali, wanne ne gyara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakunan ajiya, inda aka jera manyan randuna, wasu sun kai tsayin mutum, an yi musu ado mai kama da igiya a jiki. A cikinsu ake zuba man zaitun da hatsi. Ka dube su da kyau, sannan ka nufi ƙauyen Tirabsano. Za ka tarar da magina har yau suna gina irin waɗannan randuna hawa-hawa, a bar na ƙasa ya sha iska kafin a ɗora na sama. Fada ta rushe, sarauta ta shuɗe, sana'ar talaka tana nan da ranta.

Daga nan ka gangara kudu zuwa Gortina. Akwai wata katanga da aka sassaƙa dokokin gari a jikinta tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), layi kusan 600. Matsa kusa ka ga rubutun: layi ɗaya ya tashi daga dama zuwa hagu, na bayansa ya dawo daga hagu zuwa dama, tamkar garmar shanu in ta juyo a ƙarshen kunya. Maganar aure da saki da riƙon ɗa da gado ce a ciki, har da cewa ɗa namiji yana da kaso biyu, 'ya mace kaso ɗaya. Ka ga ke nan damuwar ɗan Adam tun da can ita ce ta yau.

In ka shiga ƙauye, ka nemi kafeniyo, wato shagon kofi, nan ce majalisar dattawan gari. Ka yi gaisuwa kafin ka zauna: “kalimera” ita ce barka da safiya, “efharisto” kuma na gode. Mutane ne masu karrama baƙo, kuma abin da suka saba miƙa masa shi ne raki, wadda giya ce. Ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya, ka roƙi kofi ko shayin ganyen dutse. Ka tambayi irin naman da aka kawo, don ana cin alade. Ga dakos nan, busasshen burodin sha'ir da tumatir da cuku da man zaitun, zai ishe ka ƙoshi. Bayan azahar gari yakan yi tsit, lokacin hutunsu ne, kada ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Hanyoyin duwatsun kuma kwana-kwana ne, awaki da tumaki na tsallakawa, a yi tuƙi a hankali a sauka kafin duhu.

Sai abin da na fi so ka riƙe. Ƙasar nan tana da tabo. Musulmin Andalus sun mulki tsibirin daga wajen 820 da 'yan kai har zuwa 961, su suka haƙa gwalalon da ya ba Irakliyon tsohon sunansa na Handaƙ. Daular Usmaniyya ta ci birnin a 1669. Bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya, Musulmin Kirit suka ƙaura zuwa Turkiyya, shi ya sa za ka ga masallatai a Haniya da Retimno da aka mayar wuraren wasu hidimomi. Zuciyarka za ta sosu. Kiristocin Kirit ma suna da nasu ciwon: a gidan ibadar Arkadi, a watan Nuwamban 1866, ɗaruruwan mutane, yawancinsu mata da yara, sun mutu da aka kunna wa rumbun albarushi wuta don kada su faɗa hannun sojan Usmaniyya. Ƙauyen Anoya kuwa, a gindin dutsen Siloritis, sojan Jamus suka ƙone shi ƙurmus a Agustan 1944. In an ɗauko waɗannan zantuka, ka saurara, ka bar gardama. Baƙo ko da ido makaho ne, ya zo koyo ne.

Ka yi shigar mutunci a wuraren ibadarsu. Kada ka ɗauki hoton tsohuwa mai saƙa a ƙofar gida sai da izininta, in da hali ka sayi abin hannunta. Ko tsingaro kada ka tsinta a kufai, amana ce, dokarsu ma ta hana.

Ƙauye biyu da ka zauna ka san mutanensu sun fi goma da ka wuce ta tagar mota. Ka tsare sallarka, ka tsare harshenka, ka dawo mana da labari. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Baffanka.