Haƙori da Zuciya: Darasi Domin Iyalin da ke da Mai Ciwon Zuciya

A yawancin gidaje a Lafiya da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Doma, Obi da Awe, ciwon haƙori ba ya cikin cututtukan da ake kai wa asibiti. Akan kuskure baki da ruwan gishiri, ko a danna kanumfari a ramin haƙorin, ko a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a nemi mai cire haƙori ran kasuwa. Ga mai lafiyayyar zuciya, wannan yakan ƙare ne da kumburin kumatu da 'yan kwanaki na rashin barci. Amma ga wanda ƙofofin zuciyarsa suka sami lahani, yana iya kwantar da shi a asibiti har makonni 6, wani lokaci ma ya zama ajalinsa.

Hanyar da ke tsakanin baki da zuciya

Bakin kowane mutum cike yake da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, yawancinsu kuwa ba sa yin ɓarna muddin suna wurinsu. Duk lokacin da dasashi ya yi jini, sai su sami ƙofar shiga jijiyoyi. Tun a shekarar 1935 wasu likitoci biyu a Ingila, Okell da Elliott, suka nuna cewa akan sami waɗannan ƙwayoyi a jinin mutum jim kaɗan bayan an cire masa haƙori. Jiki mai lafiya yakan share su cikin 'yan mintoci.

Zuciya tana da ƙofofi 4 waɗanda ke buɗewa suna rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi tabo, ko likitoci sun sauya ta da ta ƙarfe, ƙwayoyin sukan sami wurin maƙalewa. A nan suke taruwa, suna cin ƙofar a hankali, har wani ɓangare na tarin ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likitoci suna kiran wannan cuta endokaditis. Maganinta allurai ne ta jijiya na makonni 4 zuwa 6, wani lokaci har da tiyata.

A ƙasashen Afirka, babban abin da ke lalata ƙofofin zuciyar matasa shi ne ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba a lokacin yarinta, musamman tsakanin shekara 5 zuwa 15. Bayan 'yan makonni yaron yakan yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ya warke, kowa ya manta, alhali tabon ya zauna a zuciya. Mata da yawa ba sa sanin suna ɗauke da shi sai sun yi ciki numfashi ya fara gagararsu. Mutanen da ke da wannan lahani a duniya sun haura miliyan 40, abin da ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a shekarar 2018.

Wane ne ke shan magani kafin a taɓa haƙorinsa?

A shekarar 1955 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fara ba da shawarar a ba masu lahani a zuciya maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin aikin haƙori. Shekaru da dama ana ba kusan kowa. A 2007 ƙungiyar ta taƙaita shawarar ga waɗanda hatsarinsu ya fi girma: masu ƙofar da aka sauya, waɗanda suka taɓa yin endokaditis, masu wasu lahanonin zuciya na haihuwa, da waɗanda aka dasa wa zuciya ƙofarta kuma ta sami matsala. Su akan ba babba amoksisilin giram 2 sau ɗaya tak, minti 30 zuwa 60 kafin a fara aikin. Yaro kuwa miligiram 50 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai tabon ciwon maƙogwaro, likitan zuciyarsa ne zai yanke masa hukunci. Idan yana karɓar allurar fenisilin ta wata-wata, lallai ya faɗa, gama akan zaɓa masa wani magani dabam.

Dalilin canjin na 2007 shi ne zuciyar wannan darasi. Masana sun lura cewa mai ruɓaɓɓen dasashi yana tura ƙwayoyin cuta cikin jininsa kowace rana, yayin da yake tauna nama, ko rake, ko goro. Cire haƙori abu ne na yini ɗaya, tauna kuwa ta kullum ce. Saboda haka goge baki sau biyu a rana da man da ke da fuloraid, da buroshi mai laushi, ya fi ƙwayar yini ɗaya kare zuciya. Asuwaki yana da amfani, amma ba a dirza shi har jini ya fito ba. Gawayi da toka kuwa suna kankare haƙori, su ji wa dasashi rauni. Ya kamata mai ciwon zuciya ya ga likitan haƙori kowane wata 6 ko da babu inda ke masa ciwo, wanda za a yi wa tiyatar ƙofar zuciya kuma a gyara bakinsa tukuna.

Maganin tsinka jini

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne na masu shan wafarin ko asfirin. Da jin za a cire haƙori, sai wani ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya ya ce a dakatar da maganin kada jini ya ƙi tsayawa. Wannan shawara tana iya kisa. Jinin ramin haƙori ana tsayar da shi da auduga da ɗinki, amma gudan jinin da ya daskare a kan ƙofar ƙarfe ba ya ba da lokaci. Abin da ake yi shi ne gwajin jini da ake kira INR kwana ɗaya kafin aikin, likita ya duba sakamakon. Bayan aikin, mai shan wafarin ya tsaya ga farasitamol, ya guji ibufurofen da dikulofenak. Ya guji kuma Flagyl, wanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, domin yana ƙara ƙarfin wafarin har jini ya ɓalle.

Masu hawan jini su sha maganinsu da safe kamar kullum, su bari a auna su kafin su hau kujera. Idan awon ya kai 180 bisa 110, akan ɗage aikin da ba na gaggawa ba. Amlodifin da nifedifin sukan sa dasashin wasu ya kumbura ya hau kan haƙora, wannan kuwa dalili ne na komawa wurin likita, ba na daina magani ba. Duk waɗannan abubuwa mai cire haƙori a kasuwa ba zai tambaya ba. A asibitin da mutanen Lafiya suka daɗe da sani da sunan Dalhatu Araf, ko a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, majiyyaci ya tafi da katinsa da kwalayen magungunansa duka, ya faɗi ciwon zuciyarsa tun kafin a tambaye shi.

Zazzaɓin da ba na sauro ba

A wannan yanki kowane zazzaɓi na sauro ne ko taifot, sai an tabbatar da akasin haka. Endokaditis kuwa takan zo a ɓoye: zazzaɓi mara tsanani da ke tafiya yana dawowa, gumi da dare, kasala, rama, rashin cin abinci. Idan mai lahani a ƙofar zuciya ya yi mako guda a haka, musamman bayan aikin haƙori, iyalinsa su kai shi asibiti, su ambaci zuciyar da haƙorin tare. Kada a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida, gama likita yana bukatar ɗibar jini domin gano irin ƙwayar, kafso biyu ko uku da aka sha tun farko kuwa sun isa su ɓoye ta a gwajin.