Shela, Mudu da Rumbu: Darasi ga Manoma da Dagatai

Wannan takarda an rubuta ta domin manoma masu karatu, da dagatai, da masu unguwanni. Wanda ya same ta ya karanta wa maƙwabtansa a dandali da dare, ko bayan an sauko daga Juma'a. Abin da mu ke so ku gane shi ne, ba a gona kaɗai manomi ke yin hasara ba. Babbar hasara ta kan zo tsakanin kaka da faɗuwar ruwa, watau a kasuwa da cikin rumbu. Mutum ya yi noma da kyau, Allah ya sa albarka, amma tun gero bai fid da kai ba sai ka gan shi da kwano a hannu ya na neman awo. Abu uku ke tsare gari daga wannan: shela ta gaskiya, mudu na gaskiya, da rumbun da ba a buɗe shi da garaje.

1. Yadda hasarar ta ke zuwa

Da kaka kowa na da hatsi, kowa kuma na da bukata. Ga bashin taki, ga bikin aure, ga kuɗin makaranta, ga gyaran ɗaki. Saboda haka masu sayarwa su kan fi masu saye yawa, kuɗin mudu ya faɗi. In damina ta yi nisa, wajen watan Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sai masu saye su fi yawa, kuɗin mudu ya hau.

Ga misali. A ce wata shekara kuɗin dawa da damina ya ninka na kaka. Wanda ya sayar da tiya 10 da kaka, in ya komo saye da damina, kuɗin nan tiya 5 kaɗai za su ba shi. Rabin wahalarsa ya tafi ke nan, ba fara ba, ba fari ba.

Har wa yau hasarar ba ta tsaya nan ba. Wanda abincinsa ya ƙare da damina tilas ya tafi ƙodago gonar wani, don ya sami abin awo. Ranar da ya kamata ya yi wa gonarsa maimai, ya na can ya na yi wa wani. Ciyawa ta cinye tasa, amfaninsa ya ragu, baɗi kuma abincinsa ya ƙare tun da wuri.

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila, sunanta Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina kaɗan, ta na binciken zaman manoma, ta fid da littafinta a 1972. Ta tarar da wannan abu a fili: masu hali su kan ajiye hatsi su sayar sa'ad da ya yi tsada, matalauta kuwa su kan sayar da kaka, har talauci ya hana waɗansu noma gonakinsu sosai. Ta kuma tarar da ciniki mai yawa a cikin gidaje a ke yin sa, mata na sayar da hatsi da abinci, yara na kai da kawowa.

Dattawa kuma sun ba da labari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗi su ka shigo ƙauyuka. Sai ruwa ya ƙi a 1913, a ka yi yunwar nan ta 1914 wadda waɗansu ke kira Kakalaba, mutane da yawa su ka hallaka. An sake ganin irin wannan wuya a farin 1972 zuwa 1974. Kuɗi a aljihu ba ya zama tuwo in babu hatsi a gari.

2. Shela ta gaskiya

Tun zamanin da, in Hakimi ya aiko da magana, dagaci ya kan tara masu unguwanni, sa'an nan mai shela ya zaga gari da ganga. Bayan haka jarida ta zo, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, malami ɗaya ya karanta, jama'a su saurara. Rediyo ya biyo baya, wayar hannu kuma ta shigo Nijeriya a 2001. Yanzu labari ya yi sauri, amma ƙarya ma ta yi sauri. Don haka aikin dagaci bai ragu ba, sai ma ƙaruwa.

Ko wace shela ta ƙunshi abu huɗu: mene ne za a yi, ina, yaushe, kuma wa ya aiko. In akwai biyan kuɗi a ciki, a faɗi ko nawa ne, a faɗi wanda zai karɓa, a ce kowa ya karɓi rasit. A yi shelar sau biyu ko uku, a masallaci da kasuwa da bakin rijiya. A tabbata ta shiga cikin gidaje, gama mata ma 'yan kasuwa ne, su na da awaki da kaji da jari. Sa'an nan a rubuta ta a manna a ƙofar gidan dagaci, domin kada gobe wani ya ce ba haka a ka faɗa ba.

Shelar da ta fi amfani ga garin manoma ita ce: ranar zuwan masu allurar dabbobi, ranar rabon taki ko iri, ranar gayyar gyaran hanya ko yashe rijiya, cigiyar dabbar da ta ɓata, da ranar da a ka yarda shanu su shiga gonaki bayan an kwashe amfani. Wannan ta ƙarshe a kula da ita ƙwarai. A ƙasar Nijar hukuma ce ta ke tsai da ranar sakin gonaki. Ko ina a ke, ya kamata dagaci da arɗo da sarkin noma su zauna tare tun kafin girbi, su tsai da rana, su duba ba a nome burtali ba. Faɗa da yawa ya kan tashi ne don an bar kowa da zatonsa.

Hukumar duba yanayi ta Nijeriya kuma ta kan fid da kintacen ruwan sama a farkon ko wace shekara. Dagaci ya nemi malamin gona ya fassara wa jama'a abin da ya shafi ƙasarsu, don kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko iri ya ƙone.

3. Mudu na gaskiya

Ku sani mudu ba ɗaya ba ne. Na wannan kasuwa ya kan bambanta da na waccan, tiyar Kano kuma dabam ta ke. In an gaya maka kuɗin mudu a wani gari, tambayi wane mudu ne. A ƙasar Kano a kan lissafta tiya 40 a babban buhu, amma wannan ma sai an auna a gabanka.

Dabarun masu cuta sanannu ne. Wani ya buga gindin kwano ya zurfafa in zai saya, ya ɗauko wanda a ka buga ciki in zai sayar. Wani ya tare hatsi da hannu a bakin mudu. Wani ya zo da buhun da a ka ƙara wa baki. Amma mu faɗi gaskiya, akwai manoman da su ma ke cuta: a zuba tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasan buhu, ko a jiƙa kaya don su yi nauyi. Duka biyu tauye ma'auni ne, addini kuwa ya yi horo mai tsanani a kansa. Garin da a ka san shi da algus, fatake su kan karya kuɗin kayansa duka, mai gaskiya ya sha hasara tare da macuci.

Magani mai sauƙi ne. Sarkin kasuwa ya ajiye mudu ɗaya wanda dattawa su ka yarda da shi, a yi masa alama, in gardama ta tashi a gwada da shi. Kafin ranar kasuwa wani amintacce ya buga waya ya ji yadda a ke sayarwa a babbar kasuwa, kamar Dawanau ta kusa da Kano, a sanar wa mutane. Manomi ya tuna a cire kuɗin mota da na dako da la'adar dillali kafin ya ce an cuce shi. Mutum biyar ko goma in sun haɗa kayansu su ka sayar tare, bakinsu ya fi ƙarfi.

4. Rumbu

Kafin ka sayar da ko tiya ɗaya, yi lissafin gidanka. A ce gidanka na cin tiya 2 a yini. A wata tiya 60 ke nan, a wata 12 tiya 720, watau buhu 18. Fid da zakka tukuna in amfaninka ya kai nisabi: ɗaya cikin 10 ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga wanda a ka shayar da wahala. Ware iri. Ware abincin gida har sabon gero ya shigo. Abin da ya saura shi ne na kasuwa. In bukata ta matsa, fara da gyaɗa ko riɗi ko ɗan akuya, ka bar dawa a ƙarshe.

Amma ajiya ba ta da amfani in ƙwari za su ci. Ga abin da za a kiyaye.

Na fari, kaya su bushe sarai. Shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba. In ka na shakka, sami kwalba busasshiya, zuba hatsi da gishiri busasshe kaɗan, toshe, girgiza, ka ajiye ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima. Gyaɗa da masara in sun yi fumfuna su kan haifi dafi mai lalata hanta. An gano shi ne bayan talotalo masu ɗimbin yawa sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da a ka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Tsince masu fumfuna ka binne, kada a ba yara, kada a ba dabbobi.

Na biyu, share rumbu kafin sabon kaya, ka liƙe tsaga, ka gyara jinka, ka duba gara da ɓera. Kada a zuba sabo a kan tsoho.

Na uku, wake shi ne ya fi saurin lalacewa. Kakanninmu su kan cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi. Akwai kuma buhu mai ruɓi uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka su ka tsara, a ka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje. A matse iska, a ɗaure ko wanne dabam. Ƙwarin da ke ciki iska ta ƙare musu, su daina ɓarna, ba tare da magani ba. In leda ta huje aiki ya ɓaci, saboda haka a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa.

Na huɗu, kada ka yayyafa maganin feshin gona a kan abinci. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai su ka hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da a ka samu a cikinsa. Ƙwayar nan kuma da a ke jefawa cikin buhu, tururinta na kisa, kada a ajiye ta a ɗakin da mutane ke kwana.

5. Bashi da taimakon juna

Mugun bashi shi ne wanda a ke ci da damina a kan za a biya da buhu da kaka, gama an sayar da amfanin tun ya na gona, da arha. Adashi ya fi wannan sauƙi. A Nijar, tun daga 1999, manoma sun gwada wata hanya: ƙungiya ta tara hatsi a ɗaki ɗaya da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance. A ba manoma kuɗi su yi sana'ar rani, in sun biya a buɗe ɗaki kowa ya ɗauki kayansa. Duk inda za a gwada irin wannan, a rubuta sunan kowa da yawan buhunsa a gaban shaidu, a kuma tambayi malamai yadda za a tsara rancen ba tare da riba ba.

Amma fa ku lura, ba ko wace shekara kuɗin hatsi ke hawa ba. A 2025 ya faɗi a kasuwannin Arewa, waɗanda su ka tara don riba su ka yi hasara. Abin da mu ke horo da shi tanadin abincin iyali ne. Ɓoye abinci don a matsa wa jama'a kuwa wani abu ne dabam, ba shi da albarka.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ba a rasa su cikin shela?
2. Gidan da ke cin tiya 3 a yini, buhu nawa zai ware na wata 12?
3. Ƙaƙa a ke gane hatsi ya bushe?
4. Don me ƙodago da damina ke rage amfanin mai ƙaramin ƙarfi?
5. Wa ke riƙe da mudun gwaji a kasuwarku? In babu, wa ya kamata ya riƙe?

Dagaci ya tara masu unguwanni da sarkin noma da sarkin kasuwa tun kafin a fara yankan gero, a amsa tambayoyin nan tare, abin da a ka shirya kuma a yi shelarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci amfaninmu lafiya, amin.