Ruwan Tafkunan Kiwon Kifi da Lakar Dajin Bakin Teku

Masu niyyar zuba jari a kiwon kifi da jatan lande a bakin teku ya kamata su san abin da ruwan da ake zubarwa daga tafki ke yi wa lakar dajin mangurof, wato itatuwan da ke tsirowa inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan irin wannan daji, galibinsa a yankin Neja Delta, kuma a nan ne ƙananan kifaye ke girma kafin su fita teku.

Abincin da ake ba jatan lande yana ɗauke da sinadarin naitirojin da fosfaras, irin waɗanda ke cikin takin zamani na NPK. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na naitirojin ɗin kaɗai ke zama nama. Sauran kuwa ya bi ruwa ko ya kwanta a ƙasan tafki.

Idan ruwan bai yi yawa ba, dajin yakan tace shi. Saiwoyi su sha wani kaso, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka su mai da wani kaso iska ya tashi sama, sinadarin ƙarfe da ke lakar kuma ya riƙe fosfaras. Amma in ya wuce kima, sai iskar oksijin ta ƙare a lakar, ƙarfen ya saki fosfaras, gansakuka ta mamaye ruwa, kifi ya mutu. Haka kuma itatuwan sukan yi ganye da yawa da ƙarancin saiwa, su kasa jure fari.

Wannan tacewa ba kyauta ba ce. A shekarar 1995 masana biyu, Robertson da Phillips, sun ƙiyasta cewa ana bukatar hekta 2 zuwa 22 na daji domin tace ruwan hekta ɗaya na tafkin jatan lande. A 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin rufe manyan tafkunan da ke cikin mita 500 daga gaɓar teku, masu jari suka shiga tsaka mai wuya.

Saboda haka, mai kiwo ya tanadi tafki na musamman inda datti zai kwanta kafin a saki ruwa, ya kuma auna abinci daidai bukata. Abinci ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin kiwo, kuma ruwan da aka gurɓata shi ne za a sake ɗiba gobe a cika tafki.