Motar Lantarki a Mafara: Wa Zai Gyara In Caji Ya Ƙi?

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, zancen motar lantarki ya shiga bakin masu ɗan hali. Cikin waɗanda ya shiga ransu har da wani Alhaji mutumin Gidan Goga, ɗan kasuwar hatsi da rashin tsaro ya sa ya dawo da iyalinsa Talata Mafara. Ya sayar da tsohuwar motarsa, ya cika kuɗi, ya ɗauko wata ƙarama ta hannu, ƙirar Sin, daga wurin wani dila a Kano. Rasit kaɗai aka miƙa masa. Garanti kuwa na baka ne: "Alhaji, ko me ya faru ka kira ni."

Makonnin farko lafiya lau, domin a gidan wani amininsa mai wayarin na kirki yake caji. Ranar da ya jona a nasa gidan, caja ta kunna jar fitila, ta ƙi ja. Gidan ba shi da wayar ƙasa, shi ke nan matsalar, aikin wuni ɗaya. Amma da ya kira dila, sai aka ce masa wutar NEPA ce ba ƙarfi, ya yi haƙuri. Daga nan aka kawo masa wani mai rewaya da bai taɓa buɗe irin wannan mota ba. Gwanin ya haɗe nutural da ƙasa a cikin soket, fitila ta koma koriya, aka yi masa sannu da aiki har da tukuici. Da wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, shi dai wannan mutum ya ce a jona da janaretan shago, wanda ko abin daidaita wuta ba ya da shi. A daren cajar cikin motar ta ƙone.

Dila ya ce kayan suna hanya daga Sin. Bayan wata guda ya ce suna tashar jirgin ruwa a Legas. Daga baya ya daina ɗaga waya.

Mai wannan rubutu, da sana'arsa haɗa sola da gyaran batiran litiyam, sai bayan watanni aka kira shi. "Injiniya, don Allah ka duba mini ita," in ji Alhaji, cikin sanyin jiki. Ya tarar da motar a tsakar gida, ba rumfa, ta sha ranar bazara mai wuce digiri 40 da batir kusan a sifili. Ƙaramin batirin mai bolt 12 ya mutu tuntuni. A babban kuma, sel da dama sun faɗi ƙasa da inda za a tashe su lafiya. Allon motar da rubutun Sinanci yake, na'urar bincike ta gama-gari ba ta karanta ta. Abin takaici, da ranar da jar fitila ta kunna aka kira wanda ya san aikin, ƙarfe ɗaya da za a kafa a ƙasa da 'yar waya sun isa.

Laifin ba na motar ba ne. A Maiduguri motocin haya da Mustapha Gajibo ya mayar na lantarki sun yi aiki, saboda masu gyara da wurin caji suna cikin garin. A Sakkwato ma, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Sai dai bakin cajin motocin da aka ƙera don kasuwar Sin daban yake da na Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, kuma dilolin da yawa ba sa faɗa wa mai saye.

Jar fitila gargaɗi ce, ba a yi mata dabara. Ba a caji da ƙaramin janareta. Ba a ajiye litiyam babu caji a rana. Mai rewaya ya tsaya ga motar fetur, wayoyin motar lantarki masu ruwan lemo suna kisa. Kuma a sake ji: kada a haɗe nutural da ƙasa, ko wa ya ce a yi. Wanda ke bin hanyar Maradun ya san abin da tsayuwar mota da magariba take nufi, don haka kada ya fita da ragowar caji yana fatan alheri.

Duk mai niyyar saye a Mafara, Bakura ko Maradun, kafin ya biya ko sisi ya sa dila ya nuna masa wurin gyaransa da idonsa, ya ga cajar canji a ajiye, ya karɓi garantin batir a rubuce da sa hannu. In dila ya fara kame-kame, ya riƙe kuɗinsa ya koma gida.