Kada Jarinka Ya Kwana a Sito Ɗaya

Wani mai harkar hatsi daga Tsafe ya aiko da tambaya. Ruwan Agusta ya shiga sitonsa, masarar da ta tsira kuma ta tarar da faɗuwar farashi. Ta ina zai fara?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. A ganina ruwan bai kai wani abu illa ba: ka zuba jarinka duka a hatsi iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, kana jiran farashi ɗaya. Kasuwar yanzu ba ta yafe wannan. Ka tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Ka tuna ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da cire tallafin fetur a watan Mayu, wanda ya ɗaga kuɗin mota daga Bungudu zuwa Gusau. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma da yawa cikin masu ajiya suka sha asara daga baya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shawara da kai.

Sito kuwa yana hannunka, shi ya sa zan tsaya a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a watan Afrilu ka hau ka duba kwanon rufi, ka yashe kwatar da ke bayan ɗakin. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ɗora shi kan katako, ka bar hanyar iska. Kafin ka ɗinke buhu, zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba ka girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar shanya. Wake kuma buhun PICS mai ninki uku ya fi masa maganin da ake barbaɗawa, wanda, gaskiya, yana damuna domin cikin mutane yake ƙarewa. In sitonka na kwari ne ko kusa da gulbi, raba kayan gida biyu ko da haya za ka biya.

Sayarwa ma a raba ta. Fitar da kashi ɗaya da zarar riba ta bayyana, ka riƙe kuɗi a hannu da a banki.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma bayaninsa a rediyo. Ka saurara kafin ka ba manoma bashin taki. Akwai kuma takaful, inshorar da ta dace da shari'a. Kafin ka sa hannu, a nuna maka a rubuce cewa ambaliya da gobara suna ciki.

Alhaji, don Allah wannan makon ka je ka duba sitonka, ka fara da ƙasan buhun da ke lungu.