In Wasiƙa Ta Ƙi Tafiya

Kwamfuta na'ura ce, kamar injin niƙa. Yau tana aiki, gobe ta tsaya. Mai injin da ya san aikinsa, in injin ya mutu, ba ya fara kwance shi. Sai ya leƙa tukuna ya ga ko da mai a tanki. Haka ma gyaran kwamfuta yake. A wannan darasi za mu koyi bin sawun ɓarna, daga abin da ke kusa da mu zuwa abin da ke nesa.

Kwamfutar da za mu yi magana a kanta tana aiki da tsarin da ake kira Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta shi a shekarar 1991. Ba a hana kowa kwafarsa, ba a kuma hana kowa duba cikinsa ya gyara. Linux iri-iri ne. Wanda aka fi sani shi ne Ubuntu, da ya fito a 2004. Akwai ire-irensa marasa nauyi, waɗanda tsohuwar kwamfuta ma take iya ɗauka.

A ce ga ofishin wata ƙungiyar manoma a Gazawa. Suna da kwamfuta uku da wani ƙaramin akwati mai raba musu intanet. Magatakarda ya rubuta wasiƙa zuwa Maraɗi, yana neman irin gero kafin damina ta faɗi. Ya danna, wasiƙa ta ƙi tafiya. In ba ta isa da wuri ba, shuka za ta wuce su. Daga ina zai fara?

Zai fara da wuta. Ku ƴan Gazawa kun san manyan turakun ƙarfe da ke bayan gari. Ta kansu ne layin wutar lantarki ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu, reshe guda ya nufi Maraɗi, guda ya nufi Damagaram. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A irin wannan lokaci kwamfutar hannu tana ci gaba da aiki da batirinta, amma akwatin intanet ya mutu shiru. Mutum yana ganin allon kwamfuta da haske, sai ya ɗauka kome lafiya. Don haka magatakarda zai dubi ƴan fitilun akwatin. In ba ko ɗaya a kunne, ba laifin kwamfuta ba ne.

Wata rana kuma kwamfutar ce ke mutuwa da kanta bayan ta ɗan yi aiki. A ƙasarmu ƙura ce ta fi kawo wannan. Cikin kwamfuta akwai ƙaramar fanka mai fitar da zafi. Hazon hunturu yana toshe mata ƙofofi, ga bazara ta zo da zafin da ya wuce digiri 40. In zafi ya yi mata yawa, kwamfuta takan kashe kanta don kada ta ƙone. Maganinta a cire wayarta daga bango, a buɗe ta, a hure ƙurar. Wannan aikin manya ne. Kada ɗayanku ya buɗe kwamfuta in malam ba ya kusa.

To, a ce wuta na nan, kwamfuta ma lafiya lau. Sai a bi wayar da ta haɗa ta da akwati, a shafa ta da hannu daga wannan baki zuwa wancan. Ɓera yana son irin wannan waya ƙwarai. In ba a ga tabo ba, sai a tambayi kwamfutar kanta. Linux yana da wata baƙar taga inda ake rubuta umurni. A nan magatakarda zai rubuta:

ping 192.168.1.1

Wannan lamba ita ce adireshin akwatin a gidaje da ofisoshi da yawa, kuma sau da yawa a rubuce take a ƙarƙashinsa. Shi ping tamkar sallama ne a ƙofar gida. Kwamfuta ta yi sallama, ta saurara ko za a amsa. Wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya ƙirƙiro shi a 1983. In akwati ya amsa, hanyar cikin ofis a buɗe take. Sai a yi sallama a gida mai nisa:

ping 8.8.8.8

Wannan lambar wata kwamfuta ce ta kamfanin Google. In shiru, to ɓarnar tana tsakanin akwati da waje. Ko dai rezo ya ɗauke, ko kuwa kuɗin da aka zuba wa katin da ke cikin akwatin ya ƙare. Wannan na biyu abin dariya ne, amma ya sha sa mutane ɗaukar kwamfuta zuwa wajen mai gyara a banza.

Akwai wani abu mai ban mamaki. Wani lokaci lamba takan amsa, amma in an rubuta suna, kamar google.com, sai shiru. Dalili shi ne kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Akwai waɗansu kwamfutoci masu riƙe da littafin sunaye, ana kiran aikinsu DNS. Su ake tambaya: "Mai wannan suna, wace ce lambarsa?" In mai littafin bai amsa ba, hanya na nan amma ba a san gidan ba. Sai a nuna wa kwamfuta wani mai littafin.

Ku lura da wannan da kyau: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta a kaye abin da aka gani. Wanda ya canza waya, ya canza lamba, ya kashe akwati duk a tare, ko da abin ya gyaru, bai san mene ne ya gyara shi ba. Gobe in ya sake ɓaci, sai ya koma farko.

Saura gidan waya. Wasiƙar intanet ba ta zuwa hannun mai ita kai tsaye. Takan sauka wajen wata kwamfuta mai aikin gidan waya, ita kuma ta miƙa wa takwararta ta can. Adireshin wasiƙa kashi biyu ne. Abin da ke kafin alamar @ sunan mutum ne, abin da ke bayanta sunan gidan wayarsa. Ray Tomlinson ne ya zaɓi wannan alama a 1971. Adireshin da ya ƙare da .ne na Nijar ne. Harafi ɗaya in ya kuskure, wasiƙa ta dawo.

A Linux ana yawan ba wata manhaja mai suna Postfix aikin gidan waya. In gidan wayar can bai amsa ba, Postfix ba ya yar da wasiƙa. Yakan ajiye ta a layi, yana ta sake gwadawa har kwana 5, sannan ya maido wa mai ita. Wanda ya rubuta mailq a wannan kwamfuta zai ga wasiƙun da ke jira, da dalilin tsayawar kowace.

In duk wannan lafiya, a dubi kwanan wata. Cikin kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe agogo in an kashe ta. In ya mutu, agogon yakan koma shekaru baya. Gidan waya yana nuna takardar shaida mai kwanan wata, kwamfutar da agogonta ya rikice kuwa sai ta ƙi yarda da ita. A gyara agogo, a sa sabon batir, wasiƙa ta kama hanyar Maraɗi.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwamfutar hannu take da haske alhali akwatin intanet ya mutu?
2. Akwati ya amsa sallama, 8.8.8.8 bai amsa ba. Ina ɓarnar take?
3. Kwana nawa Postfix yake riƙe wasiƙa?

Aiki

Ku zana hanyar wasiƙa daga ofishin Gazawa zuwa Maraɗi. Ku rubuta sunan kowane zango da hausa, sannan da faransanci.